ZUMUNTA A ƘAFA TAKE: YININ WANI IYALI A ALƘAHIRA

Juma'a ita ce ranar hutu a ƙasar Masar, kuma a ranar ne ɗaliban Nijeriya masu iyali a Alƙahira kan ajiye littafi su fita da matansu da 'ya'yansu. Wani malamin Arabiyya mutumin Katsina, wanda gwamnatin jiharsa ta tura ƙaro ilmi a Jami'ar Azhar, ya shekara huɗu a birnin, amma karatu ya sha masa kai, bai taɓa kai iyalinsa ganin dalar Fir'auna ba sai a wata Juma'a ta lokacin sanyi.

Tun da sassafe suka isa Giza. Babbar dalar, wadda aka gina wa Fir'auna Kufu kimanin shekara 4,500 da suka wuce, tsayinta mita 146 ne sa'ad da aka gama ta, amma yanzu bai fi 138 ba, domin ƙololuwarta ta tafi, an kuma kwashe duwatsun da aka lulluɓe ta da su. Yara suka hau raƙumi aka ɗauke su hoto, uwarsu kuwa tana ta mamakin yadda ake biyan kuɗi saboda raƙumi.

Daga nan suka koma tsohon gari domin yin sallar Juma'a a Masallacin Azhar, wanda aka aza harsashinsa a shekarar 970. Bayan an sallame, malamin ya bayyana wa yaransa cewa ba su ne farkon zuwa ba, gama tun a ƙarni na 13 mutanen Kanem suka gina makaranta a birnin, kuma a cikin ɗakunan kwanan ɗalibai na masallacin akwai wanda ake kira da sunan Barno.

Da la'asar suka nufi unguwar Hayyul Ashir, gidan wani dattijo Bakano wanda ya daɗe a Masar. Aka kawo tuwo da miyar kuka, kukar kuwa tsaraba ce daga gida. To, a nan ne abin da malamin bai lura da shi ba ya fito fili. Ɗansa mai shekara bakwai ya miƙa wa dattijon hannu a tsaye, ya gaishe shi da Larabcin Masar. Dattijo ya yi murmushi ya ce, "Ɗana, ina wuni?" Yaro ya yi shiru, ya dubi uwarsa.

Dattijon ya juya ga uban ya ce, "Malam, digiri za ka samu in Allah ya yarda. Amma ran da kuka koma Katsina, da wane baki yaron nan zai gai da kakarsa?" Malamin ya sunkuyar da kai ya ce, "Gaskiya ne, Baba."

Wannan tambaya ta shafi duk ma'aikaci ko ɗalibin da ke shirin fita waje da iyali. Yaro yana ɗaukar harshen makaranta da na titi cikin 'yan watanni, na gida kuwa ba ya zama sai yana jinsa a bakin mutane da yawa, ba iyayensa kaɗai ba.

Tun daga ranar, kowace Juma'a da la'asar iyalin suna gidan dattijon. Dala kuwa sau ɗaya suka gan ta, ta kuma ishe su.