Tsugune Ba Ta Ƙare Ba: Mai Ciwon Suga Bayan Tiyata

Ranar da aka yi wa wani kawuna tiyata a ciki, likita ya fito ya ce mana, "An yi aiki lafiya." Dangi suka yi hamdala. Ni da nazarin harshe ne sana'ata, na jima ina juya kalaman nan a raina. Abin da likita ke nufi shi ne an yanka an ɗinke ba tare da tangarɗa ba, mu kuwa abin da muka ji shi ne ciwo ya ƙare. Kawu mai ciwon suga ne. Kafin kwana goma ɗinkin ya fara ruwa, muka koma asibiti.

Ya mai karatu, jiki yana ɗaukar wuƙar likita tamkar farmaki. Sai ya saki sinadaran ko-ta-kwana irin su kotisol da adirenalin, waɗanda ke sa hanta ta zubo suga cikin jini, su kuma rage wa insulin ƙarfi. Shi ya sa sugan majinyaci kan hau ko bai ci komai ba. Idan ya yi yawa, yakan raunana fararen ƙwayoyin jini masu yaƙar cuta, rauni ya ƙi kamewa, ƙwayoyin cuta su sami wurin zama.

To, amma matsa wa suga ya sauka ƙasa ƙwarai shi ma haɗari ne. A 2001 wani bincike a Luben ta ƙasar Beljiyam ya nuna amfanin tsananta saukar da shi ga masu jinya a ɗakin kulawa ta musamman. A 2009 binciken NICE-SUGAR, kan mutum fiye da 6,000, ya gano cewa tsanantawar tana ƙara mace-mace. Yau likitoci kan nemi awon majinyacin da ke kwance ya tsaya tsakanin 140 da 180 a na'urar gwaji mai ƙirga miligiram. Ƙasa da 70 kuwa, gumi da jiri da rawar jiki ke biyo baya, kuma a nan ne kaɗai abin zaƙi ke zama ceto.

Matsalar kawu daga 'yan dubiya ta taso. Kowa ya zo da lemon kwalba, ko kunu mai suga, ko zuma, wai don ya mayar da jini. Kunya ta hana shi ƙin karɓa, mu ma kara ta hana mu magana. Alhali abin da rauni ke buƙata shi ne ƙwai, kifi, wake da ganye. Ga kuma tsoron allura: da aka ce za a sa masa insulin, sai ya ɗauka ajali ya matso, bai san sau da yawa na ɗan lokaci ne ba, har jiki ya daidaita.

Saboda haka, kafin a sallami naku, ku tsayar da likita ya yi bayani da harshen da majinyaci ke ji. Sau nawa za a auna suga a rana? Yaushe za a koma shan ƙwayoyin da aka dakatar, kamar metfomin? Me za a yi idan ya kasa cin abinci? Idan kuwa aka ga zazzaɓi, ko kumburi, ko ruɓa a bakin ɗinki, kada a jira ranar komawa asibiti.

Kawu ya warke, amma sai da jinyar mako biyu ta zama ta wata biyu. Allah Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, amin.