Birnin Kano a Ƙafa, Tare da Ɗan Jagora

Akwai iyalai da yawa da suka shekara ashirin ko talatin a Sabon Garin Kano, 'ya'yansu a can aka haife su, amma ba su taɓa taka cikin birni da ƙafarsu ba. Iyakarsu su wuce a mota ko a Adaidaita Sahu, su hangi ƙofa ta taga. Mu kuwa a ganinmu wannan hasara ce. A manyan biranen duniya mutane sukan biya kuɗi domin wani masani ya zaga da su a ƙafa, yana nuna musu gine-ginen gari yana ba su labarinsu. Kano tana da abin nunawa fiye da yawancinsu.

Mai son wannan yawo sai ya fita da sassafe, kafin rana ta yi zafi, ya fara daga Ƙofar Mata. Nan kusa da Asibitin Murtala marina take, allon bakinta ya ce tun 1498 ake rini a wurin. Za ku ga ramuka masu zurfi, marina suna tsoma zane suna ɗagawa. Baba da toka ne a cikin ruwan. Ku sa yara su lura: zanen yakan fito da ɗan kore-kore, sai ya sha iska kana ya koma shuɗi. Ramuka da yawa yanzu a bushe suke, gama samari ba su cika son sana'ar ba.

Daga nan hanya ta miƙe zuwa Babban Masallacin Juma'a, wanda aka gama ginin da muke gani yau a 1951, zamanin Sarki Abdullahi Bayero. Dab da shi Gidan Rumfa yake, wato fadar Sarkin Kano. Muhammadu Rumfa, wanda ya yi sarauta daga 1463 zuwa 1499, shi ya gina ta, har yau kuwa fada ce. Baƙo yakan tsaya daga waje ne ya duba, sai in an ba shi izini.

Inda ya kamata a daɗe shi ne Gidan Makama, kusa da fada. Shi ma tun zamanin Rumfa yake. Da Turawa suka ci Kano a 1903 sun yi ofis a cikinsa, yanzu kuma gidan adana kayan tarihi ne, akwai ma'aikata da za su bi da ku ɗaki ɗaki. A nan ne amfanin ɗan jagora yake fitowa. Kai kaɗai za ka ce bangon ƙasa ne kawai. Shi kuwa zai ce ka ɗaga kai. Rufin da ka gani ba katako ba ne na kanti, azara ce da aka tsaga daga giginya, wadda gara ba ta iya ci da sauƙi. Azara ba ta da tsawon da za ta ƙetare babban soro, saboda haka magina suka yi dabara: sai su jera gajeru, kowace ta ɗan zarce ta ƙarƙashinta, su ɗaure, su lulluɓe da ƙasa, har hannu biyu su haɗu a sama kamar baka. Wannan shi ake kira bakan gizo. Bangon kuwa da tubali aka yi, wanda ake mulmulawa da hannu a shanya a rana. Ana shafe waje da makuba, da ake samu daga ɓawon ɗorawa, domin ruwan sama kada ya zaizaye shi. Ga zankwaye a kusurwoyin soro, ga indararo mai zubar da ruwa nesa da bango. Ku dafa bangon da tsakar rana ku ji sanyinsa, sa'an nan ku tuna da ɗakinku na bulo da kwano a watan Afrilu.

Kasuwar Kurmi ma Rumfa ne ya kafa ta. Lungunanta ƙanana ne ƙwarai, ku riƙe hannun yara. Nan fatake daga Agadas da Gadamas suke sauke kaya a dā, nan kuma Bajamushen nan Barth ya zaga a 1851.

Ƙarshen tafiya Dutsen Dala ne. An yi masa matakala, amma tsofaffi su hau a hankali. Nan tarihin Kano ya ce Barbushe ya zauna, tun kafin sarauta ta kafu. Daga bisa za ka ga gari duka a shimfiɗe, ga Gwauron Dutse can yamma. Daga nan ne kuma za ka ga abin da yake damunmu.

Ganuwar Kano, Sarki Gijimasu ne ya fara ta wajen shekara ta 1100, sarakunan baya suka yi ta faɗaɗa ta. Dubban mutane suka ɗauki ƙasarta a ka. Yau a wurare da yawa sai ɗan jagora ya nuna maka da yatsa ya ce nan ta bi. Damina ta ci nata, masu ɗibar ƙasa sun ci nasu, an yanka filaye an gina shaguna a kanta. Waɗansu ƙofofi an rushe su domin faɗaɗa titi, aka sake gina su da siminti. Tun 2007 sunan ganuwar yake cikin jerin wuraren da Nijeriya take fatan hukumar UNESCO ta karɓa cikin kayan tarihin duniya, amma rubuta suna bai tsai da bango ba. Ginin ƙasa yaɓe yake so a kai a kai, da an bar shi sai ya koma tudu.

In za ku je, ku tuna gidajen mutane ne za ku ratsa. A yi shiga ta mutunci, a yi sallama, kada a ɗauki hoton kowa sai an tambaye shi. A kauce wa ranar Juma'a da rana, gama hanyoyin fada sukan cika da masallata. Asabar da safe ta fi. Ku yi ciniki da ɗan jagora tun kafin a tashi, ku ɗauki ruwan sha, yara kuma su tafi da littafi da fensir su rubuta sunayen ƙofofin da aka faɗa musu.