HANYAR DUTSE TA SUKUR: TAFIYAR YINI GUDA DAGA MUBI

Duk wanda ya tsaya a Sabon Layi cikin garin Mubi da sassafe, ya ɗaga kai ya dubi gabas, zai ga jerin duwatsu sun tokare sararin sama. Waɗannan su ne duwatsun Mandara, waɗanda suka shimfiɗu a kan iyakar Nijeriya da Kamaru. Abin mamaki shi ne, akwai mutane da yawa da aka haifa a gindinsu, suka girma har suka yi furfura, amma ba su taɓa taka ƙafa bisansu ba, alhali kuwa Turawa kan ƙetaro teku takanas don su gan su.

Ga mai son ya fara da kusa, akwai tuddai a wajen Vimtim da Gella da kuma hanyar Sahuda, ƙasar Fali da Gude, inda hanyoyin ƙafa na manoma suke ratsawa. Mutum na iya hawa da hantsi ya sauko kafin azahar. Amma hanyar da ta fi kowace suna tana arewa, a Sukur, cikin Ƙaramar Hukumar Madagali.

Matafiyi zai bar Mubi bayan sallar asuba, ya bi ta Uba da Bazza da Michika, ya nufi Gulak, sa'an nan ya ratse gabas zuwa ƙauyukan da ke gindin dutse. Nan mota take tsayawa, sauran aiki kuwa na ƙafa ne. Garin Sukur yana bisa tsayin da ya ɗara mita 1,000 daga bakin teku, kuma mai matsakaicin ƙarfi yakan yi kamar sa'a biyu yana hawa.

Abin da ya bambanta wannan hanya da sauran hanyoyin duwatsu shi ne, shimfiɗe take da falalen duwatsu waɗanda aka jera da hannu, wani bisa wani kamar matakala, tun daga ƙasa har fadar Hidi, watau sarkin Sukur. Babu siminti a cikinta, babu ƙarfe. Dama da hagu kuwa gonaki ne hawa-hawa, an tokare kowace da jeren duwatsu don kada ruwan sama ya kwashe ƙasar, ana noma dawa da gero da wake a wurin da baƙo zai rantse ko akuya ba za ta iya tsayuwa ba. A cikin gidaje matafiyi zai ga rumbuna, da wuraren sussuka, da kuma ramukan da aka gina da dutse inda ake turke sa ana kiwata shi har ya yi ƙiba.

To, me ya sa mutanen dutse suka wahalar da kansu wajen gina irin wannan hanya? Wani ɓangare na amsar yana ga ƙarfe. Mutanen Sukur sun shahara wajen narka tama. Sukan tattara baƙin yashi daga rafuka, su narka shi da gawayi da zuga-zugi, su fid da sandunan ƙarfe waɗanda fatake ke saye su kai ƙasar Barno. Wannan sana'a ita ce ta ɗaukaka Hidi, ba ta kuwa mutu ba sai wajen tsakiyar ƙarni na 20, sa'ad da ƙarfen Turawa ya cika kasuwanni.

Har wa yau, dutsen ya zama mafaka a zamanin farautar bayi. Hamman Yaji, hakimin Madagali, ya rubuta a littafinsa na yau da kullum, wanda ya fara daga 1912, irin hare-haren da mayaƙansa suka kai wa mazauna duwatsun nan, har da Sukur. Turawan Ingila suka tuɓe shi a 1927. Saboda haka mai hawan wannan hanya tarihi yake takawa, mai daɗi da marar daɗi.

A 1999 hukumar UNESCO ta sa Sukur cikin jerin wuraren tarihi na duniya. Shi ne wuri na farko a Nijeriya da ya sami wannan matsayi, kurmin Osun na Osogbo ya biyo baya a 2005. An yi zaton baƙi za su yi ta kwararowa, samari su sami aikin ja-gora. Sai ga masifar Boko Haram. A watan Oktoba na 2014 suka kama Mubi, ba a ƙwato ta ba sai a Nuwamba. A ƙarshen shekarar kuma suka hau Sukur, suka ƙona gidaje, suka yi ɓarna a fadar Hidi. Mutane sun koma, sun yi gyare-gyare, amma ƙafar baƙi ta ɗauke. Hanyar da aka jera da hannu kuwa, da hannu ake gyara ta bayan kowace damina, in masu gyaran suka watse, zaizaya ce za ta gaje ta.

Ga wanda ya yi niyya, ga 'yan shawarwari. Lokacin da ya fi dacewa shi ne na hunturu, daga Nuwamba zuwa Fabrairu, domin da damina duwatsu suna da santsi, da bazara kuwa rana ba ta da sauƙi. A riƙi ruwa isasshe da takalmi mai kama ƙasa. Kada a tashi sai an tambayi halin da hanya ke ciki daga jami'an tsaro da masu unguwanni, gama yankin Madagali yana maƙwabtaka da Gwoza da dajin Sambisa. A nemi ɗan gari ya yi ja-gora, a biya shi haƙƙinsa, a gai da Hidi, kada kuma a taɓa wuraren da mutanen suke girmamawa ko a ɗauki hotonsu ba da izini ba. A sauko da wuri don a iso Mubi kafin magariba.

Hausawa na cewa gani ya kori ji. Mubi tana da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya da Jami'ar Jihar Adamawa, cike da ɗalibai masu ƙarfi a jika. Ya kamata malamansu su riƙa shirya musu wannan tafiya duk lokacin da hanya ta yi lafiya, gwamnatin jiha kuma ta taimaka wa mutanen Sukur wajen gyara. In mu da muke gindin dutsen ba mu hau ba, da wane baki za mu gayyaci na nesa?