Biron Da Ya Faɗi Sau Ɗari

Wataƙila a gidanku akwai yaron da ya zauna yin aikin makaranta, sai ku ji ƙwas! biro ya faɗi ƙasa. Ya sunkuya ya ɗauka. Jim kaɗan kuma, ƙwas! Ba barci yake yi ba. Ya ga wani a waya yana juya biro a kan yatsu kamar farfela, shi ma yana so ya iya. Kafin ku ƙwace biron, bari mu ɗan ba ku labarin wannan wasa, gama akwai abin dubawa a ciki.

A ƙasar Japan ne wasan ya yi ƙarfi, tun wajen shekarun 1970, a tsakanin 'yan makaranta. Wani mutumin ƙasar mai suna Hideaki Kondoh ya shiga tattara dabarun yana bayyana su a intanet a 1997, daga nan abin ya bazu zuwa Koriya, da Amurka, da Faransa. A 2007 aka fara gasar duniya. A 2008 kuma aka yi gasar ƙasar Japan ta fari a birnin Tokyo, wani ɗan sakandare mai shekara 16, Ryuki Omura, ya zo na ɗaya. Gwanayen ba sa amfani da biron rubutu irin namu. Sukan harhaɗa nasu, ya fi tsawo, da nauyi daidai wa daida a kowane gefe.

Masu wasan sun ce tushensa dabaru 4 ne, amma wadda yawanci ake farawa da ita ita ce kewaya babban yatsa. Za ka riƙe biro tsakanin babban yatsa da manuni da na tsakiya, ka ɗan tura shi da yatsan tsakiya, ya zagaya babban yatsa sau ɗaya, ka cafe. Shi ke nan. Ba ya cin daƙiƙa guda.

To, mu ma mun gwada a ofis, don kada mu rubuta abin da ba mu taɓa ba. Sai da muka gaji da ƙirga faɗuwa. Da fari mun tura da ƙarfi, biro ya tashi ya bugi bango. Muka rage ƙarfi, ya tsaya a rabin hanya. Da muka daidaita wannan, ashe manuni ne yake tare masa hanya, dole a janye shi a kan kari, a kuma komo da shi a kan kari. Sa'an nan ga babban yatsa, wanda aikinsa kawai ya tsaya cik, amma ya ƙi, sai ya bi biron. Kai ya fahimci bayanin tun cikin minti biyu. Hannu kuwa bai ji ko kalma ɗaya ba. Shi ba ya koyo da kunne. Kowace faɗuwa ce take gaya masa ya ƙara kaɗan ko ya rage kaɗan, har ran da biro zai zagayo ya kwanta a wurinsa, mai shi ma ya rasa abin da ya sake.

A nan ne yara da yawa suke ajiyewa. Sun ga gwani a waya na minti ɗaya, ba su ga watannin da ya yi yana tsintar biro a ƙarƙashin tebur ba, domin ba wanda yake ɗaukar hoton wannan. Sai yaro ya ce, "Ni ba ni da baiwar." Wannan maganar ce ta dame mu, ba biron ba. Yaron da ya saba faɗinta a kan wasa, gobe zai faɗe ta a kan lissafi, jibi a kan keken ɗinki ko garaya a ƙungiyar mawaƙa. Mun gaskata Allah yana ba da baiwa, kowa da tasa. Amma Littafin Mahukunta ya ba da labarin bahagwai 700 na kabilar Biliyaminu, gwanayen majajjawa waɗanda ba sa kuskure ko da abin bara ya kai sirantakar gashi. Mutum 700 a kabila ɗaya! Ba mu tsammani an haife su da majajjawa a hannu. Dauda ma, kafin ya tsaya gaban Goliyat, ya daɗe a jeji yana kiwon tumakin mahaifinsa.

Sai dai akwai wani gefen, kuma mutanen Japan da kansu ne suka nuna shi. A can, ɗalibin da ya faɗi jarrabawar shiga jami'a, ya zauna shekara guda yana shirin sakewa, ana ce masa "ronin", wato sunan da ake ba jarumin dā wanda ya rasa ubangida. Wasan biro kuwa har laƙabi aka yi masa da sunan waɗannan ɗalibai. Zolaya ce, amma mai ciwo. Littafi a buɗe, ido a kan shafi, hannu yana ta ƙwarewa a wani abu dabam. Awoyin da aka zuba ba su ɓata ba, sun tafi inda aka zuba su ne.

Saboda haka ba mu ce a hana ba, ba mu kuma ce a sake ba. In yaronku ya kama wannan wasa, ku ba shi lokacinsa bayan ya gama aikin makaranta, minti 15 ko 20 kowace rana ya fi awa uku a rana ɗaya. Ku ba shi fensir wanda ba a fiƙe ba, saboda ido, ya kuma yi a bisa katifa ko tabarma don kada sunkuyo ya gajiyar da shi. Banda cikin aji, banda lokacin wa'azi. Ran da ya iya, ya sheƙo yana cewa, "Baba, duba!" ku duba da kyau, ku yaba masa. Sa'an nan ku tambaye shi kwana nawa ya yi yana yarwa kafin yau, ku sa ya faɗa da bakinsa. Ku riƙe lissafin nan, za ku bukace shi ran da ya komo da takardar jarrabawa yana cewa lissafi ba nasa ba ne.