Wasiƙar neman mastar: kada yaro ya sayi ta wani

Iyayenmu mata na kasuwa da alhazai ƴan kasuwa, da yawanku da ribar albasa ko ta atamfa kuka biya wa yaro lakwal har ya samu lisans bayan shekara 3 a jami'a. In yana son wucewa mastar, mai ɗaukar shekara 2, a Jami'ar Abdou Moumouni ta Yamai ko a ƙasar waje, galibi ana neman ya sa wata wasiƙa cikin dosiye, wadda ake ce wa letir da motibasiyo.

Abin da muke gani, yara na zuwa siber su biya a buga musu wasiƙar da aka riga aka buga wa wani, a sake suna kawai. Malaman da ke tantance dosiye sun saba da irin wannan kwafi, kuma yana iya sa a ajiye yaron gefe.

Wasiƙa mai kyau ba ta wuce shafi ɗaya ko biyu. Tana faɗin abin da yaro ya karanta, matsalar da yake son bincikawa, da dalilin da ya zaɓi wannan jami'a. Ɗiyar mai sayar da albasar Galmi da ta karanci aikin gona, alal misali, tana iya rubuta yadda albasa ke ruɓewa a ma'ajiya kafin farashi ya hau, da hanyar ajiya da take son nazari.

Ku sa yaro ya fassara muku wasiƙarsa da Hausa. In ya kasa bayyana ta, ya sake rubutawa, sannan ya kai wa malaminsa ya duba tun kafin ranar rufe karɓar dosiye.