Amsar Wasiƙunku: Me Ya Sa Bireka Ke Faɗuwa Da Zarar An Jona Kaya?

Wasiƙarmu ta wannan mako ta fito ne daga Dakko, cikin ƙaramar hukumar Bakura ta jihar Zamfara. Mai sauraronmu manomi ne, yana kuma da ɗan shago a jikin gidansa inda yake sayar da ruwan sanyi da zoɓo. Kukansa shi ne, duk lokacin da aka kawo wuta, firiza tana aiki, da zarar uwargida ta jona hita ko dutsen guga sai bireka ya faɗi, gida da shago su yi duhu. Ya ce wani abokinsa ya ba shi shawara ya sayo babban bireka ran kasuwar Talata Mafara, ko kuwa a cire shi ɗungum a haɗe wayoyin. Yana son ya ji ko shawarar ta yi.

To Malam, ba ta yi ba, kuma kada ka kuskura. Bari ka ji dalili.

Bireka dai mai gadi ne. Wani Bajamushe mai suna Hugo Stotz ne ya yi rajistar irin wannan ƙaramin bireka na gida a shekarar 1924, don ya maye gurbin fiyus wanda in ya ƙone sai an sake shi. A cikinsa akwai masu tsaro biyu. Na farko wani siririn ƙarfe ne da aka yi da ƙarfe iri biyu a manne. In wutar da ke bi ta cikinsa ta yi yawa sai ya yi zafi, ya lanƙwashe sannu a hankali, har ya saki makunnin. Na biyu nannaɗaɗɗiyar waya ce da ke zama maganaɗisu. In wuta ta taho da ƙarfi farat ɗaya sai ta fizge makunnin kafin ƙiftawar ido. Saboda haka yadda bireka ya faɗi, shi zai gaya maka inda cutar take. Tambayi kanka: nan take yake faɗuwa, ko sai an jima?

In sai an jima, watau bayan 'yan mintoci, to kaya ne suka yi wa layin yawa, kuma bisa ga bayaninka nan muka fi zato. Duba jikin birekan, za ka ga lamba: 10, ko 16, ko 20, ko 32. Wannan shi ne yawan amfiya da aka yi shi ya ɗauka. Wutar gida a Nijeriya kuwa bolt 230 ce. Ka ninka lambar sau 230, ka sami iyakar wat da layin zai ɗauka. Mai lamba 10 wat 2,300 ke nan, mai 16 kuma 3,680. Sa'an nan ka juya kayanka, kowanne an rubuta wat ɗinsa a gindi ko a baya. Alal misali, a ce hitar uwargida mai wat 2,000 ce, dutsen guga 1,200, firiza 200, fanka biyu 150. Jimla 3,550. In mai wayarin ya ɗora wannan duka a kan bireka mai lamba 10, ka ga an aza wa jaki kayan raƙumi, dole ya durƙusa. Ka lura kuma, abin da ke yin zafi shi ne mai cin wuta. Cajin waya ashirin da ƙwayayen lantarki na zamani guda goma ba su kai hita ɗaya ba. Daɗin daɗawa, a zafin bazara, wajen Maris da Afrilu, ƙarfen nan na ciki ya riga ya ɗauki ɗumi, don haka ya fi saurin sakin makunni.

Maganin wannan ba ya cin ko kwabo: a riƙa yi bi da bi. In ana guga kada a dafa ruwa. In kuwa hali ya samu, a sa mai gyaran wuta ya ja wa shago layinsa dabam da birekansa, gida ma da nasa.

Yanzu ga abin da ya sa muka hana ka babban bireka. Ba don firiza ko hita aka sa shi ba, don wayar da ke cikin bango da rufi aka sa shi. Kowace waya da nauyin da za ta iya: mai lamba 1.5 ta ƙwan lantarki da fanka ce, mai 2.5 ita ake ja wa soket. In ka ɗora bireka mai lamba 32 a kan siririyar waya, shi ba zai ji komai ba, ita kuwa waya tana can tana dahuwa, robar jikinta tana narkewa, a inda idonka ba ya gani. Balle in an yi rashin sa'a wayar jabu ce, irin wadda aka shafa wa jan ƙarfe a sama alhali cikinta alminiyam ne. Ka tuna abin da ke kewaye da kai bayan kaka: kara, harawa, buhunan shinkafa da gero, ga zana, ga iskar hunturu. Haka nan masu cusa waya mai kauri cikin katawut in fiyus ya ƙone, duk jirgi ɗaya ya kwaso su.

In kuwa nan take yake faɗuwa, da ƙara tas, wani lokaci har da tartsatsi a soket, wannan wayoyi biyu ne suka haɗu. Galibi a igiyar dutsen guga ne inda take lanƙwashewa, ko cikin filogi, ko inda ɓera ya gaigaye, kuma ka san shagon da ke kusa da hatsi ba ya rabuwa da ɓera. Ga yadda za ka kama mai laifin. Da busasshen hannu, da takalmin roba a ƙafarka, ka zare duk abin da ke jone. Ka ba bireka 'yan mintoci ya huce, ka ɗaga shi. In ya zauna, ka riƙa jona kayan ɗaya bayan ɗaya. Wanda ya kayar da shi, shi ne, a kai shi gyara. In kuwa ya faɗi alhali ba komai a jone, cutar tana cikin wayarin ko birekan kansa ya gaji. Nan aikinka ya ƙare, sai mai gyara. Kada ka yi ta ɗagawa yana faɗuwa, kada kuma ka tokare shi da tsinke.

Akwai wani iri kuma mai faɗi, da ɗan maɓalli na gwaji a jikinsa. Shi ba yawan kaya yake gadi ba, yoyon wuta yake gadi. Da wutar da ta tsere ta kai miliamfiya 30, wadda ba ta isa ta kunna fanka ba, sai ya yanke. In shi ne ke faɗuwa, musamman da damina in rufi na yoyo, ko in an tsoma hita cikin bokiti, to wuta tana bin ruwa ko jikin ƙarfe, kuma rai yake ceta. Hitar da ta tsage a jefar da ita. A kuma gargaɗi yara da mata, ba a sa yatsa cikin bokiti a ji ko ruwa ya yi zafi sai an zare filogi.

Firizarka ma tana da nata hali. Injinta in zai tashi yakan ja wuta ninki da yawa na ɗan lokaci, in kuma wutar ta zo ba ƙarfi sai ya yi ta nishi ya kasa tashi, yana ta ja. Don haka in an ɗauke wuta, ka kashe firiza da famfon ruwa. In an dawo da ita ka dakata kamar minti biyar, ka kunna su ɗaya bayan ɗaya. Kada kuma ka haɗa firiza da hita a soket ɗin nan mai baki da yawa. Mai ƙaramin janareta ko sola shi ma lissafinsa ɗaya ne, sai dai iyakarsa ta fi ƙanƙanta: janaretan da bai kai wat 1,000 ba, ba shi ba hita.

In ka ji warin roba tana ƙuna, ko ka ga soket ya yi baƙi, ko bireka ya yi zafi a hannu, kashe babban makunni tukuna. Sau da yawa noti ne ya yi sako-sako yake haifar da zafin. In wuta ta kama, Allah Ya kiyaye, ba a watsa ruwa sai an yanke lantarki; yashi ake zubawa. Abin da ya shafi mita da wayar da ta taho daga turke kuwa ba naka ba ne, ba na yaron unguwa mai filaya ba ne. Na kamfani ne, wanda har gobe muke ce wa NEPA, ko da yake tun 2014 Kaduna Electric ke rarraba wuta a Zamfara, Sakkwato, Kebbi da Kaduna. Can za ka kai ƙara.

Da fatan Malam ya gamsu. A gaida mutanen Dakko.