Ron Paul: Likitan da Ya Ce Yaƙi da Buga Kuɗi Uwarsu Ɗaya

Ranar 15 ga Agustan 1971 Shugaba Richard Nixon ya fito a talabijin ya sanar cewa Amurka ta daina musanya dala da zinariya. A garin Lake Jackson na jihar Texas akwai wani likitan mata, Ron Paul, wanda ya sha faɗa cewa wannan sanarwar ce ta jawo shi siyasa. Ya shiga Majalisar Wakilai a 1976, ya fita ya dawo, bai yi sallama da ita ba sai 2013. Laƙabinsa a can Dokta A'a. Ko lambar girmamawa ta zinariya da aka ba Rosa Parks, 'yar gwagwarmayar haƙƙin baƙaƙen fata, ƙin amincewa ya yi, wai ba da kuɗin haraji za a yi wannan karamcin ba.

Duk ra'ayoyinsa a igiya ɗaya suke. A ganinsa, da gwamnati sai ta ƙara haraji a fili kafin ta tura soja waje, da jama'a sun taka mata birki tun da wuri. Babban bankin ƙasar, Federal Reserve, shi ya ba ta ƙofar baya: ta ci bashi, banki ya sayi takardun bashin da sabon kuɗi, darajar dala ta ragu. Talaka kuwa ba a aiko masa da takardar haraji, a wurin cefane yake biya.

Shi ya sa a Oktoban 2002 yana cikin 'yan Rifabilikan shida kacal a Majalisar Wakilai da suka ƙi yarda a mamaye Iraƙi. A wata muhawara a 2007 ya ce shisshigin Amurka a Gabas ta Tsakiya na cikin abin da ya haifar da harin 11 ga Satumba. Abokin muhawararsa Rudy Giuliani ya fusata ya nemi ya janye maganar, bai janye ba. Sai dai shi ma a 2001 ya jefa ƙuri'ar amincewa da amfani da ƙarfin soja, ƙudurin da ya buɗe yaƙin Afganistan.

Batun kasuwanci ne ya fi rikita mutane. Mai son ciniki marar shinge ne, amma ya soki yarjejeniyar ciniki ta NAFTA, ya nemi Amurka ta fice daga Ƙungiyar Ciniki ta Duniya. Hujjarsa, yarjejeniya mai ɗaruruwan shafuka manyan kamfanoni take yi wa hidima; in ana son ciniki, a cire kuɗin fito kawai. Takunkumin Kuba da na Iran bai goyi baya ba, tallafin ƙasashen waje kuma ya ce a soke, har na Isra'ila.

A maganar komawa kan zinariya ce nake ganin jakinsa ya yi tuntuɓe. Bayan rikicin kuɗi na 2008 ya yi ta gargaɗin mummunan tashin farashi, shekara goma ta wuce bai zo ba. Kuma a karayar arzikin shekarun 1930, ƙasashen da suka saki zinariya da wuri, irin su Ingila a 1931, su suka riga farfaɗowa.

Ƙudurinsa na binciken littattafan babban banki ya tsallake Majalisar Wakilai a 2012 da ƙuri'a 327 bisa 98, ya maƙale a Majalisar Dattawa. Ɗansa Rand Paul, sanatan Kentucky, shi ya gaji ƙudurin, ya sha sake gabatar da shi.